Asirin Wa Muke Rufawa?

Mai gudanarwa: Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, wata baiwar Allah daga cikin wannan zaure ta aiko mini da saƙo bayan sallar Asuba, ta roƙi in sanya shi ba tare da sunanta ko unguwarta ba, kuma na amince saboda lamarin ba ya jiran gobe. Don Allah kada kowa ya bincika ko wace ce, kada kuma a tura maganar zuwa wani zaure. Ga abin da ta rubuta: "Ɗiyar yayata ce, shekarunta 11. Shekaranjiya bayan La'asar aka aike ta sayen sukari a shagon wani maƙwabci, sa'an mahaifinta, ya ja ta ciki ya yi mata fyaɗe. Ba ta faɗa wa kowa ba sai jiya da dare, da uwarta ta lura tafiyarta ta sauya. Mahaifinta ya ce a gasa ta da ruwan zafi a yi shiru, za su zauna da dangin mutumin a gaban mai unguwa. Ni hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata mu yi?"

Ma'aikaciyar jinya, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanwata, ki ajiye zancen mai unguwa tukuna, ku kai yarinyar nan asibiti yau kafin Azahar. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki bayan irin wannan, wanda a asibiti muke kira PEP, amma sai an fara shan sa cikin awa 72 da faruwar abin, sannan a ci gaba da sha har kwana 28 ba fashi. A lissafina kun riga kun cinye kusan awa 40, ke nan gobe da La'asar ƙofar za ta rufe, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Idan ta fara ganin al'ada, domin wasu yaran suna farawa a wannan shekarun, akwai maganin gaggawa da ke hana shigar ciki, shi kuma iyakarsa kwana 5. Za a ba ta maganin cututtukan sanyi, a yi mata allurar ciwon hanta, a duba ko akwai raunin da ke buƙatar ɗinki.

Ruwan zafi ba ya kashe ƙwayar cutar da ta shiga jini, sai dai ya ƙara ɓata rauni, ya kuma wanke shaidar da likita zai gani. Tufafin da ta sa a ranar, idan ba a wanke su ba, a nannaɗe su cikin takarda ko babban ambulan, kada a ƙulle su a leda domin laima tana lalata abin da ke jikinsu. Ko da ta yi wanka, ko an wanke kayan, ku tafi a hakan. A cikin Asibitin Ƙwararru akwai Cibiyar Nana Khadija, wadda aka buɗe a 2020 ƙarƙashin shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, saboda irin wannan kawai aka yi ta, kuma ba a biyan ko kwabo. A can za ta ga likita, ta ga mai kwantar mata da hankali, ba a kan layin jama'a ba.

Baffa, Ƙofar Marke: Allah ya isar wa yarinyar nan. Ɗiyata mai jinya, zancen asibiti ban ja da ke ba, a kai ta. Amma ina roƙon kada a yi saurin ɗaukar mahaifin nan a matsayin marar tausayi. Ni na aurar da ɗiya biyar a garin nan, na san yadda ake binciken aure. Dangin miji ba kotu suke zuwa ba, maƙwabta suke tambaya, kuma maƙwabci ba ya mantuwa. Yau idan aka kai ƙara, za a kama mutumin, bayan 'yan makonni a ba da belinsa ya dawo ya buɗe shagonsa, a yi ta ɗage shari'a shekara biyu ko uku, uban yana barin sana'arsa yana zirga-zirga, ita kuwa yarinyar duk inda ta gifta a nuna ta da baki. Bayan shekara bakwai mutane sun manta sunan mutumin, amma ba su manta nata ba. Wannan shi ne abin da uban ke hangowa, kuma duk wanda ya ce bai faruwa, to, ba a Sakkwato yake zaune ba.

Malamar firamare, Mabera: Baffa, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa yana faruwa, ban musa ko ɗaya ba. Tambayata ɗaya ce, kuma da ladabi nake yin ta: a zaman gaban mai unguwa, asirin wa ake rufawa? Mai unguwa zai ji, dattawan da zai kira za su ji, 'yan uwan mutumin za su ji, kowannensu kuma yana da mata a gida. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta kai gidan suna da gidan biki. Sunan yarinyar ya riga ya fita ke nan, abin da aka binne kawai shi ne hukuncin mutumin. A ƙarshe a ba da wasu 'yan kuɗi da sunan kuɗin magani, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekaruna 19 ina koyarwa. Na taɓa samun ɗaliba 'yar aji huɗu mai ƙoƙari wadda ta daina magana a aji, ta koma fitsarin kwance da girmanta, daga baya ta daina zuwa gaba ɗaya. Da na bi sawu sai aka ce an mayar da ita ƙauye wurin kakarta, an yi sulhu. Mutumin bai gusa daga unguwar ba. Ba a rufa shekara biyu ba ya sake, wannan karon da ƙaramar da ba ta kai ta farko ba. Uwar ta biyun ta ce mini da an gaya mata tun farko, da ba ta taɓa aiken ɗiyarta wurinsa ba. Har yau ban sami amsar da zan ba ta ba.

Wani matashi, Gidan Igwai: Ni a ganina iyaye ne ke jawowa. A daina ɗora wa yara talla, a daina aikensu da yamma, a kuma kula da irin shigar da 'yan mata ke yi, za a ga abin ya ragu.

Malamar firamare, Mabera: Ƙanena, talla tana jefa yara cikin haɗari, wannan gaskiya ne, kuma ina yaƙi da ita a makarantarmu. Amma ka sake karanta saƙon. Yarinya 'yar shekara 11 aka aika shagon maƙwabci bayan La'asar, da sauran rana, wace shiga ta yi? An bar jaki ana dukan taiki. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Yaran mazan fa, su ma shigar ce? Mafi yawan masu aikata wannan abu mutanen da yaro ya sani ne, maƙwabci, ɗan uwa, mai aikin gida, wani lokaci ma wanda aka damƙa masa amanar karatu. Shi ya sa yaro ke yin shiru, domin an koya masa girmama wanda ya cuce shi.

Ma'aikaciyar jinya, Runjin Sambo: Maza ƙanana suna zuwa mana, kuma su suka fi zuwa a makare, sai rauni ya ruɓe yaro ya kasa zama. Almajiri ma ba shi da wanda zai lura tafiyarsa ta sauya.

Baffa, Ƙofar Marke: To, a ji ta bakin malamai. Allah gafarta Malam, ba addini ne ya umarce mu da suturce ɗan uwa Musulmi ba? Kuma ina za a samu shaidu huɗu a cikin shago?

Malam, Kanwuri: Bismillah. Alhaji, tambayoyinka biyu sun taɓa wuraren da mutane suka fi ruɗewa. Suturar da aka kwaɗaitar da ita, malamai sun bayyana cewa ta shafi wanda ya yi saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa, bai cutar da wani ba, bai kuma shahara da ɓarna ba. Wanda ya afka wa ɗiyar mutane kuwa ya shiga haƙƙin bayi, kuma rufa masa asiri taimakonsa ne a kan ta gaba. Wadda ta cancanci sutura a wannan lamari ita ce yarinyar.

Wadda aka tilasta ba ta da laifi ko kaɗan. Ya zo a hadisin Wa'ilu ɗan Hujuru cewa wata mata ta fita za ta je salla a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani mutum ya fi ƙarfinta, ta yi kururuwa, aka kai maganar gabansa, bai hukunta ta ba, ya sallame ta da kyakkyawar magana. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan, ya tafi a kan cewa wanda ya tilasta wa mace, bayan haddin da ke kansa, sai ya biya ta sadakin irinta, ita kuwa babu wata uƙuba a kanta. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya sanya ƙwace mace da ƙarfi a babin hiraba, wato fashi, yana ganin fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni.

Shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar da haddin zina, an gindaya shi ne don kare mutuncin mutane daga ƙazafi. Bai zama ƙofar tsira ga azzalumi ba. Idan haddi bai tabbata ba, alƙali yana da ikon ta'aziri mai tsanani bisa alamomi masu ƙarfi, kuma rauni a jiki da bayanin likita suna cikin alamomin. Wannan ma wani dalili ne na gaggauta zuwa asibiti. Allah ne mafi sani.

Wata uwa, Minanata: Allah ya saka da alheri, Malam. Amma bari in faɗi abin da mata ke faɗa a cikin ɗaki. Tsoronmu shi ne idan ciki ya bayyana, mutumin ya rantse ya tafi, maganar ta juyo kan mace. Waɗanda suka girma a jihar nan ba su manta da shari'ar Safiya Hussaini ta Tungar Tudu ba, wadda kotu a Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jefewa a 2001 aka sallami namijin, sai a Maris na 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta wanke ta. An wanke ta, amma tsoron ya zauna a zukatan mata.

Lauya, Arkilla: Hajiya, tsoron yana da tushe, kuma maganinsa shi ne a rubuta abin da ya faru tun a kwanakin farko. Macen da ta je asibiti a makon da aka cuce ta, aka rubuta raunin da ranar, ba ɗaya take da wadda aka ɓoye har ciki ya fito ba. Shirun da ake yi don kare ta, shi ne ke raba ta da hujjarta. A kan yarinya 'yar shekara 11 kuwa babu ma zancen yarda ko rashin yarda, doka ba ta san yardar ƙaramar yarinya a wannan babi ba.

Game da dokoki, a 2015 tarayya ta kafa dokar haramta cin zarafin mutane da aka fi sani da VAPP. Ita ce ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da wanda aka yi wa namiji, da wanda aka yi da yatsa ko wani abu. Ta tanadi ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12 ga baligi, shekara 20 idan taron dangi aka yi, ta ba kotu ikon sa a biya diyya, ta kuma ce a buɗe kundin sunayen waɗanda aka samu da laifin. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta ƙaddamar da kundin na ƙasa a Nuwamba 2019. Da farko dokar Abuja kaɗai ta shafa, sai kowace jiha ta yi tata. Bayan gwamnoni sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe a Yuni 2020, jihohi da dama suka motsa, mu ma a nan gwamnan wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa hannu a kan tamu a 2021 tare da dokar kare yara. Baffa, lauya yana iya neman kotu ta saurari yarinya ba a gaban jama'a ba, kuma ba a yarda a buga sunanta ba.

Wani direba, Dambuwa: Barista, ranka ya daɗe, a takarda komai daidai yake. Ni na raka wani ɗan uwana a kan irin wannan, a wani ofishi aka ce mu kawo kuɗin mai kafin a je kamo mutumin, muka kawo, aka ce kuɗin takarda, muka kawo. A zama na huɗu a kotu ɗan uwan nawa ya ce ya gaji, ya bar wa Allah.

Lauya, Arkilla: Ban ƙaryata ka ba, Malam, na ga irinsa. Galibin shari'o'in da ke rushewa a nan suke rushewa, iyali su gaji, ko a matsa musu da roƙo da ban baki, su daina kawo shaida, lauyan gwamnati ya rasa abin da zai gabatar, alƙali ya sallami mutumin. Shi ya sa nake ba talaka shawara kada ya shiga wannan hanya shi kaɗai. Idan aka bi ta cibiyar da 'yar uwa mai jinya ta ambata, su suke haɗa iyali da 'yan sanda da lauya. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, akwai ofishin NAPTIP a garin nan, akwai Ma'aikatar Mata, kuma mai neman na goro yakan janye hannu idan ya ga akwai idon da ke bin fayil ɗin. A riƙe kwafin rahoton likita a gida, kada kuma uban ya sa hannu a kan wata takardar janye magana da za a kawo masa a zaure.

Mai gudanarwa: Wata 'yar uwa ta biyu ta aiko da wannan, ita ma ba suna. "Na karanta duk abin da aka rubuta, na ga ana ta zancen asibiti da kotu, to ni zan yi zancen ɗaki. Ina da shekara 13 abin ya same ni, yanzu ina da 36 da 'ya'ya huɗu. Wanda ya yi ɗan gidanmu ne. Da na faɗa wa Innata, abin da ya fara fitowa daga hannunta mari ne, daga bakinta kuma, me ya kai ki ɗakinsa? Allah ya jiƙanta, na san firgita ce, na yafe mata. Amma wallahi zafin abin da ya yi mini ya dushe kafin zafin wannan tambaya. Na yi shekaru ina zuba masa abinci idan ya zo gida, ina durƙusawa ina gaishe shi, domin an ce kada a gane. Ban iya barci da fitila a kashe ba har bayan aurena, mijina ya ɗauka aljanu ne, aka yi ta yi mini ruƙiyya. Zuwa ga innar yarinyar nan, wadda ta aiko da saƙon farko: kafin ku hau Keke Napep, ki zaunar da ita ki ce mata kin yarda da maganarta, ba laifinta ba ne, kuma ta kyauta da ta faɗa. Kada ku sa ta maimaita labarin ga duk gwaggon da ta shigo. Kada a cire ta daga makaranta, kada a kai ta ƙauye kamar ita ce ta yi ɓarnar. Idan ta yi fitsarin kwance ko ta ƙi cin abinci ko ta riƙa faɗa da ƙannenta, kada a doke ta. Kuma kada a sake aikenta ta ƙofar shagon nan."

Hajiya, shugabar Islamiyyar matan aure, Gawon Nama: Ɗiyata, Allah ya share miki hawaye, ya saka miki. Kin faɗi abin da ba mu faɗa a darasi. Ina so kuma a tuna da matan gabashin jihar nan, na Sabon Birni da Isa da Goronyo da Raba, waɗanda 'yan bindiga suka keta wa haddi. Wadda aka tsare a daji wata biyu ba ta da zancen awa 72. Wasu sun dawo da ciki, wasu mazansu sun sake su, suna nan cikin garin nan a kangaye suna bara, babu mai tambayarsu abin da ya same su. Su ma akwai gwaji da magani da za a yi musu ko an makara.

Mu a Sakkwato ba baƙin wannan aiki ba ne. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a ɗakunansu, abin da muka sani da 'Yan Taru, saboda ta gane akwai maganar da mace ba ta faɗa wa namiji. Na yanke shawara ranar Asabar mai zuwa, maimakon darasin Fiƙihu, za mu zauna a kan wannan. 'Yar uwa mai jinya, idan aikinki ya bari, ki zo ki yi wa iyaye mata bayanin awa 72 da bakinki, ki koya musu yadda za su nuna wa yaro wuraren jikinsa da ba a yarda kowa ya taɓa ba, ko kawu ne ko malami.

Ma'aikaciyar jinya, Runjin Sambo: Zan zo, Hajiya, in Allah ya yarda. Ina aikin dare ranar Juma'a, saboda haka a sa shi bayan La'asar.

Mai gudanarwa: Innar yarinyar ta sake rubutowa yanzu. Ta ce ita da uwar sun kai ta da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, an duba ta, an fara ba ta maganin, an ce su dawo ranar da aka rubuta musu. Mahaifin ya san sun tafi, bai hana ba, amma har yanzu yana kan bakansa game da ƙara, kuma dangin mutumin sun aiko cewa za su zo bayan Isha'i. Shagon yana buɗe. Ta ce a hanyar dawowa yarinyar ta tambaye ta ko za ta je Islamiyya gobe, domin suna da hadda.

Baffa, Ƙofar Marke: Ta je Islamiyyarta, amma babba ya raka ta. Na karanta saƙon ɗiyata mai shekara 36 sau biyu, ban iya cewa komai ba. Har yanzu ina tsoron bakin mutane, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai zaman bayan Isha'in nan bai kamata uban ya shige shi shi kaɗai ba, za su taru su yi masa nauyi da Allah da Annabi har ya ce ya yafe abin da ba nasa ba ne ya yafe. Idan zai saurari tsoho irina, a ba shi lambata, in kuma Barista zai samu dama mu tafi tare.

Lauya, Arkilla: Zan samu, Baffa. Ina tashi daga ofis ƙarfe biyar.

Mai gudanarwa: Na tura mata lambobinku duka biyu. Ba zan ba ku tata ba, ita za ta kira idan mahaifin ya amince.